Jarrabawa ta matso, 'yata mai karatu a gida ta yi sanyi: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. 'Yata shekararta 17. Da ta gama ƙaramar sakandare muka sa ta makarantar hadda, cikin ikon Allah ta haddace Alƙur'ani. Da ta fito sai ta ce ita ba za ta koma aji ɗaya da ƙannenta ba, shi ya sa mahaifinta ya ɗauko malaman lesin biyu suna koyar da ita a gida. Mun yi mata rajistar WAEC ta 'yan waje, wato waɗanda ba ta hannun makaranta suke rubutawa ba, darussa tara, burinmu ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Da farko da kanta take tashi, har sai na ce ta huta haka nan. Yanzu saura mako goma, littafin Kimistiri ko rabi ba su kai ba, Fiziks ma haka, amma sai ta buɗe littafi ta zuba masa ido kawai, ko ta ce kanta na ciwo, ko in same ta da waya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin ɗinki, duk a banza. Yaya zan yi himmarta ta dawo, ta ƙarasa darussan kafin jarrabawa?" (Wata uwa daga Zariya)

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a wannan hadda, Ya ba ta ikon riƙewa.

In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike nema: dalilin da ya sa jikinta ya mutu daidai lokacin da ya kamata ta ƙara ƙaimi, da kuma yadda za a cinye sauran darussan cikin mako goma. Ni kuma zan ƙara tambaya ta uku, wadda iyaye ba su cika yi ba: wa ya ce sai an kai bangon kowane littafi kafin a ci jarrabawa? A wurina, amsar wannan ita ce za ta warware sauran biyun.

Amma tun farko ki cire lalaci daga lissafi. Yarinyar da ta haddace izu 60, tana tashi da asuba tana biya ƙari tana kai tilawa, ta riga ta nuna juriyar da manya da yawa ba su da ita. Na daɗe ina koyar da Kimistiri da Lissafi, a aji da kuma a gidajen mutane, har da matan aure masu son komawa karatu, kuma wannan abin da kika kwatanta, ɗalibi ya buɗe littafi ya ƙura masa ido ba ya gaba ba ya baya, na fi ganinsa wurin masu ƙoƙarin da tsoro ya kama. Malalaci ko buɗe littafin ba ya yi, kuma barcinsa yake sha lafiya lau. Wanda abin ya dama shi ne ke zama rabin awa a kan shafi ɗaya, yana tunanin ɗaruruwan shafukan da ke jiransa.

Abin da makaranta ke yi wa ɗalibi ba a lura ba

Yaron da ke zuwa makaranta ba ya farkawa kullum ya tsaya shawara da zuciyarsa ko yau zai yi karatu. An riga an yanke masa. A kaɗa ƙararrawa, malami ya shigo, a ba da aikin gida, a yi gwajin mako. Yana ganin na kusa da shi ya ci 14 cikin 20 shi ya ci 11, ya san inda yake. Zango ya ƙare a ba da sakamako, a tafi hutu, a dawo da sabon jini. Mai karatu a gida kuwa duk wannan daga cikin ranta za ta ƙirƙiro shi, kowace safiya, wata da watanni. A farkon tafiya ɗoki yana ɗaukar nauyin. In ɗokin ya ƙare, babu abin da zai karɓe shi.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya yi aiki don ra'ayin kansa. Sun ce abu uku ne ke riƙe himma: mutum ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana iyawa kuma yana ci gaba, ya ji akwai mutane tare da shi. Ki auna rayuwarta a makarantar hadda da waɗannan. Kullum akwai shafin da za ta kai, akwai malamar da za ta saurara ta ce ya zauna ko bai zauna ba, akwai ƙawayen da ake tsere da su, kuma a kowane lokaci ta san izu nawa ta yi, nawa ya rage. Yanzu fa? Ita kaɗai ce, da littattafan da aka rubuta domin a karanta su a shekara uku, ba wanda ya gaya mata ko abin da ta karanta watan jiya ya zauna, kuma abin da take ji kullum shi ne lokaci ya ƙure. Aikinmu a mako goman nan shi ne mu mayar mata da abin da ta saba da shi: rabo na yau, mai sauraro, da ƙirgen abin da ya rage.

A zauna a ƙirga

Makarantun koyon aikin jinya kiredit biyar suke nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga, balle F9. To kin ga darussa taran nan ba nauyinsu ɗaya ba. Sauran huɗun za ta shiga ta rubuta, amma kada su ci fiye da ɗan zama ɗaya ko biyu a mako. In akwai Addinin Musulunci ko Larabci ko Hausa a ciki, mai hadda tana da jari tun kafin ta buɗe littafi. Faɗa mata wannan kaɗai, cewa kaya biyar za ta ɗauka da gaske, yana rage wani abu daga abin da ya danne ta.

Sai a ajiye littafin karatu gefe tukuna, a ɗauko manhajar WAEC ta kowane darasi, wadda ake samu kyauta a intanet, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara goma da suka wuce. Kowane shagon littattafai yana da su. Ita da malaminta su zauna yini guda, ba darasi ranar. Su bi batutuwan manhajar ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta ta sa wa kowanne alama: wannan na iya, wannan rabi-da-rabi, wannan ban taɓa gani ba. Sannan su bi tsofaffin tambayoyin suna jan layi a gaban kowane batu duk lokacin da ya fito. Kafin la'asar hoton zai bayyana. A Kimistiri za su ga lissafin mol, dokokin gas, asid da bes da gishiri, raba sinadari da lantarki, da tushen sinadaran kabon suna ta maimaituwa, wasu babi-babi kuma da suka cika shafuka a littafi da ƙyar suke leƙowa.

Daga ina za a fara? Daga batun da yake yawan fitowa kuma ta iya shi rabi-da-rabi. Nan ne maki ya fi araha, zama biyu ko uku ya isa a rufe shi, kuma ita kanta za ta ji daɗin cewa wani abu ya kammala. Bayansa sai mai yawan fitowa da ba ta taɓa ba. Wanda ba ya yawan fitowa kuma ba ta taɓa shi ba, a ja masa layi a gabanta a ce an yafe shi. Na san wannan yana yi wa iyaye nauyi, kuma wasu malaman lesin ba sa so, domin sun saba bin littafi babi bayan babi. Ki tsaya kai da fata a kan wannan. Malamin da ya ci gaba da tafiya a jere alhali saura mako goma zai kai ta ɗakin jarrabawa ta san farkon littafi sarai, ƙarshensa kuma duhu, ko da can ne makin yake.

Ga lissafin lokaci. Mako biyun ƙarshe a ware su don rubuta cikakkun takardu da bita, kada sabon darasi ya shiga cikinsu. Saura takwas. Tunda ta saba da tsarin makarantar Alƙur'ani, a yi darasi Asabar zuwa Laraba, Alhamis ta zama ranar gwaji, Juma'a hutu na gaske. Kwana 40 ke nan na darasi. In ana zama huɗu a yini, kowanne minti 45, an sami zama 160. To kada ki tsara aikin 160, ki tsara na 120. Za a yi biki, za a yi rasuwa, zazzaɓi zai zo, malami zai yi fashi. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundinsu na ƙarshe. A matsakaici suka ce kimanin 34, amma sai da ya kai su kimanin 55. Haka ɗan Adam yake, kullum yana raina aikin da ke gabansa. Jadawalin da ba shi da sarari a rana ta huɗu yake karyewa, in ya karye kuma yarinya sai ta ɗauka ita ce ta gaza.

Kowane zama kuma a ba shi suna da iyaka. "Karanta Kimistiri" ba shi da ƙarshe, shi ya sa ba a son farawa. "Tambayoyi 10 na mol daga takardun 2016 zuwa 2019" yana da farko yana da ƙarshe. Albert Bandura da Dale Schunk sun gwada wannan a 1981 da yaran firamare da lissafin ɗebewa ya gagara. An ba su aiki mai shafi 42 a zama bakwai. Wasu aka ce su sa ran gama shafi shida a kowane zama, wasu aka ce su dai gama duka 42 kafin zaman ƙarshe. Aiki ɗaya, lokaci ɗaya, amma masu shafi shida-shida suka fi iya lissafin nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi burge ni, suka fi son yin sa da kansu daga baya. Saboda haka a sami babban kwali a zana gidaje 120, a manna a bangon ɗakinta. Duk zaman da ta gama ita za ta soke gidansa da hannunta. Ki bar ta kuma ta zaɓi wane darasi zai zo da safe, wanne da yamma. Jadawalin da aka rubuta mata aka miƙa, nata ne a suna kawai.

Kada a ɗaure karatun da agogo, a ɗaure shi da salla. "Ƙarfe shida" yana iya zama shida da rabi, ya zama bakwai. "In na idar da asuba na yi tilawata, sai Lissafi" ba ya gocewa, domin abin da ke gabansa ba ya gocewa. Zama biyu daga asuba zuwa hantsi, da darussan da suka fi wuya, kafin gida ya cika da hayaniya rana ta yi zafi. Ɗaya kafin azahar, ɗaya bayan la'asar. Ranar da ta tashi ba ta jin yi ko kaɗan, yarjejeniyar ita ce ta zauna ta yi tambaya biyu kacal, in ta ga dama ta tashi. Galibi ba ta tashi.

A rufe littafi

Nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Yawancin masu karatu a gida karantawa kawai suke yi: a bi shafi da ido, a ja layi, a kwafe a wani littafin. Irin wannan karatu yana kawo barci, kuma yana yaudara, domin duk abin da ido ya saba gani sai zuciya ta ɗauka ta san shi. 'Yarki ta fi ni sanin wannan. Ta san bin Mus'hafi da ido ba ya zama hadda, sai an rufe an karanto, an tuntuɓe, an buɗe an gyara, an sake rufewa. Abin da ba a gaya mata ba shi ne Bayoloji da Fiziks ma haka suke shiga kai.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗaliban jami'a wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka karɓe aka sa su yi ta rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kuma su ne suka fi tabbacin za su tuna. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu gwada kansu suka tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40.

Ga yadda nake tsara zaman minti 45. Minti 15 na farko a karanta batun ko malami ya yi bayani. Sai a kife littafin, a ɗauko farar takarda, ta rubuto duk abin da ta tuna, ko ta zana zuciya ta sa sunayen sassanta, ko ta warware tambaya ba tare da leƙa misali ba. Sai a buɗe, ta ɗauki jan biro ta gyara da kanta. Abin da jan biro ya taɓa shi ne za a fara da shi gobe, a sake taɓa shi bayan kwana uku, a sake bayan mako. Da farko za ta ji wannan ya fi wuya, kuma gaskiya ne ya fi wuya. Amma ba a gyangyaɗi a cikinsa, kuma a ƙarshen kowane zama akwai takarda a hannu da ke nuna abin da aka samu.

Akwai kuma makin da ake tsinta ba tare da an koyi sabon babi ba, ta hanyar sanin yadda ake duba takarda. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba jarrabawa a shafinta na intanet, darasi-darasi, inda suke faɗin wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe. Malamanta su karanta shi tare da ita. A Lissafi ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka ta saba rubuta kowane mataki. A tsarin da aka saba, takardar rubutu tambaya 13 ce a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, wato akwai damar tsallake abin da ba a iya ba. A Turanci insha'in kalma 450 ake nema, kuma a ɓangaren taƙaitawa kwafo jimla daga cikin rubutun yadda take yana jawo asarar maki. 'Yan waje ba sa shiga ɗakin gwaje-gwaje, takarda ce ake ba su a madadinsa, kuma wannan sa'a ce ga mai karatu a gida domin ana koyonta a kan tebur: yadda ake cika jadawalin awon asid da lamba biyu bayan ɗigo, yadda ake rubuta gwaji da abin da aka gani da abin da aka fahimta, yadda ake zana giraf a Fiziks da sikeli mai kyau a sa ma'auni a jikin kowace amsa, yadda ake zanen Bayoloji da fensir mai tsini a ja layukan suna da rula a rubuta sunayen ba kuskuren harafi. Waɗannan a zama kaɗan ake kama su, kuma duk shekara suna nan. Ki duba takardar rajistarta kuma, domin tun 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa ta kwamfuta. In tata haka take, ta je inda ake koyon kwamfuta ta saba da amsa tambaya a allo kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Alhamis kuwa a yi ta kamar gaske. A fitar da tebur da kujera falo ko zaure, a ajiye agogo a gabanta, biro biyu da fensir da rula da kalkuleta, ba waya ba littafi, ba mai shiga ya ce a miƙo masa wani abu. In lokaci ya cika a karɓe takarda ko tana tsakiyar jimla. Wanda zai duba ya zama wani na waje in da hali, malamin wata sakandare ko ɗalibar jami'a a dangi, domin malamin da ya koyar yakan tausaya wa takarda. A sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta makin kowane mako. Ina gargaɗinki tun yanzu, makin farko ba zai yi daɗin gani ba, kuma fuskarki za ta kalla kafin ta kalli takardar. Ki ce mata wannan shi ne mafari, daga nan za mu ƙirga. Na sha ganin ɗalibin da ya yi makonni yana jan ƙafa ya canza gaba ɗaya ranar da ya ga makinsa ya ɗaga da 'yan lambobi a kan na makon jiya. Ba wani wa'azi da ya taɓa yi mini aikin da wannan ɗan littafin maki yake yi.

Gidan da ake karatun a ciki

Yanzu zan taɓo naki ɓangaren, ki yi haƙuri. A gidajenmu duk wanda yake gida ana ganin ba ya komai, musamman 'ya mace. Da tana makaranta ba wanda zai je ya kira ta daga aji ta hura wuta. Amma tunda tana ɗaki, sai a ce riƙe min yaron nan, leƙa tukunya, kawo wa baƙi ruwa, je ki gidan Gwaggo ki karɓo saƙo. Kowanne minti biyar ne a bakin mai aike, amma zaren tunanin da ya tsinke a tsakiyar lissafi ba ya ƙulluwa a minti biyar. Mahaifinta ya tara gida ya sanar cewa daga asuba zuwa azahar wance tana makaranta, ko da ana ganinta. Aikin gida kada a ɗauke mata duka, motsa jiki ne kuma hutun ƙwaƙwalwa ne, amma a mayar da shi yamma a kuma rage.

Waya ba ita ce cutar ba a nan, mafaka ce da take gudu cikinta in tsoro ya taso. In kika ƙwace ta ƙarfi da yaji za ta sami wata mafakar. Ku yi yarjejeniya: lokacin zama wayar tana ɗakinki, bayan isha'i tata ce na wani lokaci. Abin da ake buƙata daga intanet a buga shi a takarda. Sannan ki nemo mata abokiyar tafiya, wata da za ta rubuta jarrabawar nan ko NECO, su haɗu sau biyu a mako su yi wa juna tambayoyi. In ba a samu ba, ta riƙa koya wa ƙannenta abin da ta karanta, ko ke kanki ki riƙe littafin ki ce ta yi miki bayanin yadda jini ke zagaya jiki da Hausa. Ba sai kin san darasin ba, kunne ake nema.

Alkawarin ɗinki bai yi aiki ba domin yana can nesa, kuma bai taɓa abin da ke damunta ba. An ma daɗe da gano cewa kyautar da aka yi alkawarinta tun kafin aiki tana iya rage son aikin: a wani nazari na 1973, Mark Lepper da abokansa sun ga yaran da aka yi wa alkawarin takardar yabo in sun yi zane sun rage yin zanen don kansu daga baya. Ƙaramin abu na ba-zata bayan mako mai kyau, tsire ko kai ta gidan ƙawarta ranar Juma'a, ya fi. Faɗa kuwa, musamman irin na "kin san nawa babanki ya kashe?" ko "dubi 'yar wance", itace yake ƙara wa wutar tsoron da ta hana ta motsi tun farko. Ta san nawa aka kashe, shi ne ma yake hana ta barci. Ki canza tambayar dare daga "kin yi karatu?" zuwa "me kika iya yau wanda ba ki iya jiya ba?"

Abu biyu kuma kada a taɓa su. Na farko barci: likitoci suna ba 'yan shekara 13 zuwa 18 shawarar awa 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne abin da aka koya yake zama. Kwanan zaune da kofi da tsoma ƙafa a ruwan sanyi ba ya haifar da komai sai ciwon kai. Na biyu tilawarta. Na lura masu hadda da yawa suna ɗauke da wata damuwa da ba sa faɗa, cewa boko yana cinye musu Alƙur'ani, sai su riƙa jin laifi duk lokacin da suka ɗauki littafin Fiziks. Ki tambaye ta. A yanka mata abin da za ta iya riƙewa kullum, ko izu ɗaya ne, a gaya mata bayan jarrabawa za a koma gadan-gadan. Ta san hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Inda wannan shawara ta tsaya

Ni malami ne, kuma daga wasiƙarki kawai nake magana. Ciwon kan da take faɗa kada a ɗauke shi dabara kai tsaye. A kai ta a duba idonta, a auna jininta, domin ƙarancin jini ya yi yawa ga 'yan mata a wannan shekarun kuma kasala da ciwon kai yake kawowa. In kuma kin ga abin ya wuce littafi, ta daina cin abinci, ta daina hira da dariya, barcinta ya rikice, tana yawan kuka ko tana cewa ba ta da amfani, har ya kai mako biyu, to wannan ya fi ƙarfin jadawali. Likita za a gani, kuma a nan Zariya ba ku rasa asibitin koyarwa ba.

Na kuma lura kin ce "burinmu". Ki zaunar da ita cikin raha ki ji ko aikin jinyar nata burin ne. In nata ne, ki haɗa ta da wata ma'aikaciyar jinya ta ba ta labarin aikin, domin wanda ya ga inda za shi ya fi jure hanya. In ba nata ba ne, gara a sani yanzu.

Za a zo miki da maganar wata cibiya da ake biya a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa. Kada ki saurara. Ban da haramcin abin, WAEC tana riƙe sakamakon cibiyoyin da ta zarga har ta soke shi, kuma wadda za ta riƙe allura a kan ɗan wani tana buƙatar lissafin da ta iya da kanta.

Tsarin nan yana ƙara maki a inda akwai tushe, amma ba ya gina Fiziks na shekara uku a mako takwas. In an kai mako na biyar makin Alhamis na wani darasi bai motsa ba, ku zauna ku uku da mahaifinta ku yi shawara a fili. Makarantun jinya da jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, har da haɗa WAEC da NECO, sai dai wasu kwasa-kwasan, irin likitanci a wasu jami'o'i, zama ɗaya suke so, don haka a duba sharaɗin makarantar da ake nufi tukuna. In tana karɓa, ana iya zuba ƙarfi a kan darussa huɗu yanzu, na biyar ta shiga ta yi iya yinta, sannan a sake shi a zagayen farkon shekara da WAEC ta fara yi wa 'yan waje tun 2018, wajen Janairu da Fabrairu. Rajistar wannan zagayen tana iya rufewa kafin sakamakon na yanzu ya fito, saboda haka da littafin makin Alhamis za ku yanke shawarar, kuma a tanadi kuɗin tun da wuri.